Shin Bin Dokar Likita Bayan Tiyatar Ƙiba Ibada Ne?

Wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba yakan baro asibiti da wata takarda a hannu, an jera masa abin da zai sha da abin da ba zai kusanta ba. Kwana ɗaya ko biyu na farko ruwa ne zalla da tataccen romo. Daga nan har kimanin mako biyu babu abin da zai wuce maƙogwaronsa sai mai ruwa-ruwa, wanda ba gudaji ko ɗaya a cikinsa. Sai a matsa zuwa markaɗaɗɗen abinci, sai mai laushi, kuma sai wajen mako na shida zuwa na takwas zai fara tauna abin da sauran mutanen gida ke ci. Asibitoci sukan ɗan bambanta wajen ƙidayar kwanakin, amma tsarin kusan ɗaya ne a Legas da Abuja da Alƙahira da Istanbul da Delhi, wuraren da mutanenmu ke zuwa a yi musu aikin. Majinyata da yawa, su da danginsu, suna ɗaukar takardar nan shawara ce irin ta likita, a bi ta idan da hali, a karya ta idan rai ya so. Ina ganin wannan kuskure ne babba. Musulmin da ya riga ya kwanta aka yanka shi, kiyaye abin da ke cikin takardar ya zama wajibi na addini a kansa. Yana samun lada idan ya kiyaye, yana kuma shiga laifi idan ya keta da gangan, ko da kuwa da sunan ibada ya keta.

Malaman fiƙihu ba sa yanke hukunci a kan abu sai sun san yadda yake, don haka sai a fara da abin da ke faruwa a cikin cikin mutumin. Aiki iri biyu ne suka fi yawa. A na farko, likita yana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi ya fitar da shi gaba ɗaya, ya bar wani siririn bututu. Na biyu ya samo asali ne daga aikin da Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa ta Amurka a shekarar 1966, kuma a yau yadda ake yin sa shi ne a ware wata 'yar jaka a saman tumbi, wadda ba ta ɗaukar fiye da kimanin mililita 30, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. A duka biyun ana rufe wurin da aka yanka da jerin ƙananan ƙusoshin ƙarfe. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, daga waje ƙananan huji huɗu ko biyar kawai ake gani a fatar ciki, su kuwa cikin 'yan kwanaki sun kame. Can ciki akwai dogon rauni ɗanye, a kumbure, kuma ta kansa duk abin da aka haɗiya zai bi. Yankan tsire guda ɗaya a mako na farko yana iya tokarewa a bututun, ya jawo yunƙurin amai, yunƙurin kuma ya matsa wa ɗinkin. Idan ɗinki ya yi yoyo, ruwan tumbi ya zuba a kogon ciki, to an shiga maganar ruɓewa da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, abin da kan kai mutum ɗakin kulawa ta musamman, wani lokaci har kabari. Gaskiya ne yoyon ba ya yawan faruwa, bai cika wuce mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, kuma ba kullum abinci ke haddasa shi ba. Amma a cikin abubuwan da ke kare ɗinkin, wanda ke hannun majinyaci shi kaɗai shi ne abin da yake sawa a bakinsa.

Wahalar ba ta tsaya ga hani ba, akwai umarni a cikinta, kuma umarnin ya fi hanin gajiyarwa. Ana son ya sha aƙalla lita ɗaya da rabi na ruwa kullum, alhali tumbin ba ya karɓar kwankwaɗa. Da ɗan kofin nan na roba da ake auna maganin tari, mai mililita 30, ake fara koya masa. Lita ɗaya da rabi kofi hamsin ke nan. Idan yana farke awa goma sha shida, to kusan kowane minti ashirin sai ya ɗaga kofin, ya kurɓa, ya dakata ya ji saukarsa, ya sake kurɓa. Ya yi gaggawa, ƙirji ya riƙe kamar an ɗaure shi. Ya manta na awa biyu, ba zai iya ramawa a zama ɗaya ba. Bakinsa na ɗaci, ruwan da ya saba sha ya canza masa ɗanɗano, ƙamshin miyar da ake soyawa a kicin na shigo masa har ɗaki. A cikin wannan ɗan wurin kuma ake son ya cusa kimanin giram 60 na furotin a yini don raunin ya haɗe, tsokar jiki kada ta zube. Ƙarancin ruwa a jiki yana cikin manyan dalilan da ke mayar da masu wannan tiyata gadon asibiti a watan farko, kuma ƙoda ce ke fara biyan bashin.

To me addini ya ce game da mai murmurewa da abin da zai ci? Akwai hadisi a kan wannan ainihin mas'alar, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito daga Ummul Munzir 'yar Ƙais, Ba'ansariya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga gidanta tare da Sayyidina Ali, wanda a lokacin bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Akwai dabino a rataye, Annabi ya ci, Ali ma ya miƙa hannu, sai Annabi ya dakatar da shi, ya tuna masa cewa bai gama warwarewa ba. Matar ta tashi ta dafa sha'ir da wani ganye mai kama da alayyafo, sai Annabi ya nuna wa Ali wannan, ya ce shi ya fi dacewa da shi. A duba abin da aka hana: dabino, halal tsantsa, abincin da Annabin kansa yake ci a wannan zaman. Wanda aka hana kuma jarumi ne da ba wanda zai tuhume shi da raki. Dalilin hanin guda ɗaya ne, halin da jikinsa yake ciki a ranar. Haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu marar kauri na garin sha'ir, a bai wa marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, tana danganta wa Annabi cewa yana sanyaya zuciyar majinyaci. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 751 bayan Hijira, da ya zo bayanin likitanci a littafinsa Zadul Ma'ad, ya tattara tushen kula da jiki a abu uku: tsare lafiya, ƙaurace wa abin da ke cutarwa, da fitar da gurɓataccen abu daga jiki. Kowanne ya samo masa tushe a Alƙur'ani, kuma na biyun ya ɗauko shi daga ayar da ta ba marar lafiya damar taimama idan ruwa zai cutar da shi. Idan shari'a ta janye mutum daga ruwan alwala don kare fatarsa, babu yadda za a yi ta ƙyale shi ya tura tuwo a kan ɗanyen ɗinki. Ga kuma aya ta 195 ta Suratul Baƙara da ta 29 ta Suratun Nisa'i, waɗanda suka hana mutum jefa kansa cikin halaka.

Suka ta farko da ake yi ita ce wadda ta fi ciwo, domin a bayan idon majinyaci ake yin ta. Ana cewa shi ya jawo wa kansa, kwaɗayi ne mabuɗin wahalarsa, da ya bi koyarwar Annabi ta kasa ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, da bai kai ga wuƙar likita ba. Yanzu kuma ya sayi da kuɗi abin da wasu ke samu da juriya, to ina ladan yake? Akwai gaskiya a farkon maganar, kuma ba zan ɓoye ta ba: cika ciki abin ƙi ne a addini, kuma rayuwar birni ta lemon kwalba da zama a mota da ofis tana da hannu dumu-dumu a abin da muke gani. Sai dai masu sukar suna magana kamar jiki allo ne da za a wanke a sake rubutu. A shekarar 2011 masu bincike a Melbon ta Ostareliya sun wallafa sakamakon bibiyar mutum 50 da aka sa su tsauraran ƙa'idar abinci na mako goma. Sun rame, amma shekara guda bayan haka sinadaran da ke tayar da yunwa suna nan a sama, masu kawo ƙoshi suna ƙasa. Jikin yana faɗa da mai shi don ya mayar da abin da ya zube. Ɗaya daga cikin sinadaran nan, girelin, wanda aka gano a Japan a 1999, yawancinsa a saman tumbi ake sarrafa shi, ɓangaren da ake cirewa a tiyata iri na farko. Wannan ya sa aikin yake cin nasara inda ƙudurin zuciya kaɗai ya sha kasawa. Wani babban bincike na Suwidin, wanda ya bibiyi sama da mutum 4,000 na kimanin shekara goma sha ɗaya, ya nuna a 2007 cewa haɗarin mutuwa ya ragu da kashi 29 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa tiyata. A Kilibland ta Amurka kuma, cikin masu ciwon suga 150, bayan shekara biyar kashi 29 na waɗanda aka haɗa wa tumbi da hanji da kashi 23 na waɗanda aka yanke wa tumbi sun kai ma'aunin sugan da ake nema, su kuwa masu shan magani kaɗai kashi 5 ne suka kai. Abin da ke rage mutuwa ya kuma sauke suga haka sunansa magani, kuma hadisin Usama ɗan Sharik ya zo da umarnin neman magani.

Mu ƙaddara ma duk laifin nasa ne. Shari'a ba ta taɓa cewa wanda ya jawo wa kansa ciwo ya rasa haƙƙin warkewa ba. Wanda ya yi gudun wuce sa'a da babur ya karye, ba malamin da zai ce masa ya yi salla a tsaye a kan karayar don ya ɗanɗana kuɗarsa. Laifin jiya tuba ke shafe shi. Wajibin yau kuwa yana nan daram, ba ya jiran a gama shari'ar jiya.

Suka ta biyu ta fi ta farko zurfi. Wasu na cewa haƙurin dole ba haƙuri ba ne. Mai azumi yana da cikin da zai ɗauki tuwo, ya bar shi don Allah. Wannan kuwa wuƙa ce ta hana shi, to wace falala ke ga wanda aka ɗaure wa hannu don bai yi sata ba? Wanda ya san masu wannan jinya ya san hannun ba a ɗaure yake ba. Tiyata tana rage girman tumbi, amma sabo na shekara talatin yana nan inda yake. Wanda ya saba huce fushinsa da abinci, ko rage kaɗaicinsa da shi, zai farka ya tarar da fushin da kaɗaicin suna jiransa, abin da yake kore su da shi kuma an ɗauke. Likitocin fannin sun san irin wannan yunwar da ke tasowa daga kai alhali ciki ba ya neman komai. Kuma ƙofar saɓawa a buɗe take: narkakken askirim da shayi mai siga cokali huɗu da lemo duk ruwa ne, suna wucewa ta bututun ba tare da tokarewa ba, kuma ta wannan hanya mutane da dama suka mayar da ƙibar da aka yanke su dominta. Don haka zaɓi yana nan, sau hamsin a yini. Malamai sun kasa haƙuri gida uku, haƙuri a kan biyayya, haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan ƙaddara mai ɗaci, kuma na ukun ma, wanda ba wanda ya zaɓe shi, an yi alkawarin lada a kansa. Mai shan romo da ɗan kofi ya haɗa ukun a lokaci guda.

Sai maganar canza halittar Allah, wadda aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta jingina wa Shaiɗan. Tambayar tana da nauyi, domin gaɓa ce lafiyayya ake yankewa, kuma a aiki iri na farko ba a mayar da abin da aka cire. Amma malamai tun da can sun bambanta sauya jiki don ƙawa da gyara shi don kawar da cuta. Arfaja ɗan As'ad ya rasa hancinsa a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi ya umarce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. A wannan zamanin, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a 2007, ta halatta rage nauyi ta hanyoyin likitanci har da tiyata, bisa sharaɗi uku: ƙibar ta kai matsayin cuta, babu wata hanya sai ita, kuma a amince daga cutarwa. Su ma likitoci suna da iyakarsu. Suna raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita sau biyu; tun 1991 ƙa'idar ita ce sakamakon ya kai 40, ko 35 tare da wata cuta irin su suga da hawan jini, a 2022 kuma manyan ƙungiyoyin fannin suka sauko da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga da makamantansa. Wanda bai kai nan ba, yana son ya shiga wata riga ne kawai kafin biki, sukar ta same shi, kuma ba ni da abin kare shi. Amma a lura da inda wannan ya kai mu. Halaccin aikin ya rataya ne a kan amincewa daga cutarwa, ita kuwa amincewar rabinta a ɗakin tiyata take, rabinta a gida. Wanda ya karɓi halaccin sannan ya watsar da dokar abinci, ya rusa sharaɗin da ya halatta masa a yanka shi.

Inda maganar ta fi tsanani shi ne watan Ramadan, domin a nan ne mutumin kirki yake saɓa wa likita yana ganin Allah yake bi. Azumi a Kano ko Sakkwato ko Damagaram awa goma sha uku zuwa sha huɗu ne, kuma idan ya faɗo a bazara zafin kan haura digiri 40. Daga magariba zuwa asuba awa goma ne da 'yan kai. Mutumin da ke kurɓar mililita 30 duk bayan minti goma sha biyar, ko da bai runtsa ba daren nan gaba ɗaya, bai yi asham ba, bai ci komai ba, abin da zai sha bai wuce lita ɗaya da ɗan ɗori ba, sannan ya shiga yini guda na gumi. Lissafin ba ya fita. Shi ya sa likitocin fannin suke ba da shawarar a jinkirta azumi wata shida zuwa shekara guda bayan aikin, gwargwadon irinsa da halin majinyaci. Aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara sun ba marar lafiya damar ya sha ya rama, kuma mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanenmu ke bi, ba ta bar abin a matsayin zaɓi kawai ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, shan azumi ya halatta ga wanda ke tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, ya kuma zama wajibi ga wanda ke tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Ramuwa ce a kansa idan ya samu iko, kuma idan lalurar ta ja har wani Ramadan ya shigo, ba a lissafa shi cikin masu sakacin da ciyarwa ke hawa kansu.

Duk da haka za a samu mai cewa likitan ba Musulmi ba ne, bai san darajar azumi ba, ko kuma wane ya yi azumi wata biyu bayan tiyata bai mutu ba. Game da na farko, Annabi ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda bai musulunta ba a lokacin, ya zama ɗan jagoransa a tafiyar Hijira, tafiyar da rayuwarsa ta rataya a kanta, kuma malamai sun kafa hujja da wannan a kan karɓar maganar gwani amintacce a fanninsa. Balle ma likitoci Musulmi a Masar da Saudiyya da Turkiyya, waɗanda su kansu suke azumi, abin da suke faɗa wa majinyatansu ke nan. Game da na biyu, kuɓutar wane ba hujja ba ce, kamar yadda shari'a ba ta jira sai kowa ya mutu kafin ta kira abu haɗari. Akwai wani hadisin Jabir a Abu Dawuda da ya kamata duk mai saurin ba da fatawa a bakin gadon marar lafiya ya riƙa tunawa. Wani mutum dutse ya fasa masa kai a tafiya, janaba ta same shi, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da damar taimama, suka ce ba su ga dama gare shi ba tunda ga ruwa. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya isa wa Annabi, ya ɗora musu alhakin kisansa, ya kuma zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Mutanen nan ba mugaye ba ne, tsananin kishin addini ne ya sa su faɗi abin da suka faɗa.

Wannan ya kawo mu ga dangi da masu dubiya, domin a ƙasar Hausa ba a jinya a kaɗaice, kuma soyayyarmu a kula take zuwa. Gwaggo ta tako tun daga wata unguwa da tuwon shinkafa da farfesun kayan ciki, ta zauna a bakin gado ta dube shi ta ce, "Haba ɗan nan, dubi yadda ka zube, daure ka ci ko loma ɗaya, ruwa ai ba ya riƙe mutum." Ƙin abincin babba a wurinmu kusa yake da raini, kuma mun taso muna ganin cikar jiki alamar hutu ce, rama kuwa alamar ciwo ko damuwa. Mai jinyar sai ya samu kansa tsakanin kunyar gwaggo da dokar likita. A nan nauyin ya hau kan mutanen gida, musamman mata ko miji da manyan 'ya'ya, su tare masa wannan faɗan tun daga zaure, su yi wa baƙi bayani kafin su shiga. Akwai kuma wani kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya. Da an ce mai ruwa-ruwa, sai a dama koko da kunun tsamiya a zuba siga. Gero da dawa ba su da furotin mai yawa, ɗan wurin da ke akwai sai ya cika da abin da ba ya haɗa rauni. Sigan kuma, musamman ga wanda aka haɗa wa tumbi da hanji, yana zubowa hanji a lokaci guda, cikin minti kaɗan sai gumi da bugun zuciya da jiri da gudawa. Kindirmo marar siga wanda aka tsinka, madarar da aka rage wa maiƙo, madarar waken suya, romon kaza ko kifi da aka tace aka kwashe man, su ne suka fi kusa da abin da ake nema, bayan an nuna wa masanin abinci na asibiti ya amince. Wanda ya tashi da asuba ya tace romon nan sau biyu da rariya, ya zauna kusa da majinyaci da nasa kofin don kada ya ji an ware shi lokacin da ake cin abinci, ya cika haƙƙin dubiya fiye da wanda ya kawo kula uku.

Wani zai ce duk wannan damuwar masu kuɗi ce, a ƙasar da ake kwantar da yara saboda tamowa. Zafin maganar a wurinsa yake, kuma mai hali da ya biya miliyoyi don tumbinsa ya manta da maƙwabcinsa zai amsa tambaya a kan haka. Amma tambaya ce daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa, kuma cutar ta daɗe da shigowa garuruwanmu tare da suga da hawan jini da ciwon gwiwa. Yunwar wani ba ta sauke wa wani nauyin tsare ransa.

Saura gefe guda da ba a cika faɗa ba. Wajibin nan yana hana wuce iyaka ta ɗaya ɓangaren ma. Akwai majinyacin da ganin sikeli na sauka kan sa shi murna har ya fara rage abin da aka ce ya sha, yana ganin ƙarin juriya ne. Akwai kuma wanda amai ya dame shi kwana da kwanaki, ya yi shiru yana cewa jarrabawa ce, zai daure. Ajiyar bitamin B1 a jikin mutum ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku, kuma idan ta ƙare ga mai yawan amai, sai ruɗewa da layi a tafiya da rikicewar gani, lahanin da kan taɓa ƙwaƙwalwa ya zauna har abada, alhali allura ce ke tare shi idan an zo da wuri. Shiru a irin wannan hali saɓo ne, ko da mai shi ya kira shi tawakkali. Bayan makonnin ruwa sun wuce kuma akwai bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da na ƙashi, waɗanda yawancin masu wannan aiki za su sha har ƙarshen rayuwarsu, da gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Mutanenmu da ke zuwa waje sukan hau jirgin dawowa cikin mako guda ko biyu, suna tsakiyar matakin ruwa, likitan da ya yi aikin yana wata nahiya. Saboda haka nake ganin tun kafin a sayi tikiti ya wajaba mutum ya samu likita a gida wanda ya yarda zai karɓe shi, ya kuma lissafa kuɗin magungunan shekaru masu zuwa tare da kuɗin tiyatar. Idan ya duba ya ga ba shi da mai bibiyarsa, ko ba zai iya ɗaukar nauyin abin da ke biyo baya ba, to sharaɗin amincewa daga cutarwa bai cika a kansa ba, kuma sai ya dakata da aikin har ya cika.